Sabuwar waya da batirinta: cajin farko, zafi, da wutar da ba ta tsayawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar waya mai batir 5,000 mAh. Mai shagon ya ce kada in kunna ta sai ta yi awa takwas a caji, kuma nan gaba kada in jona ta sai cajin ya ƙare ta mutu da kanta. Wani abokina kuma ya ce kwana da waya a caji shi ke kashe batir. A unguwarmu wuta ba ta tsayawa, wani lokaci da janareta muke caji, wani lokaci a shagon masu caji. Wanne zan bi don batirin ya daɗe?

Amsa: Wa alaikumus salam, a kashe lafiya.

Kunna wayarka ka ci gaba da harkarka, ɗan'uwa. Ba ta buƙatar cajin awa takwas, kuma barinta ta riƙa mutuwa kafin a jona ta cutar da batirin yake yi. Mai shagon ba da mugun nufi ya faɗa maka ba. Shawara ce da ta yi daidai a zamaninta, aka ci gaba da gadonta bayan batiran da aka yi ta dominsu sun bar kasuwa. Wayoyin da suka fara shiga hannun jama'a lokacin da GSM ta zo Najeriya a 2001, irin su Nokia 3310, da yawansu batirin nikel ne a cikinsu. Wannan nau'in yana son dogon caji a karon farko, kuma wanda ya gabace shi, mai haɗin nikel da kadmiyam, yakan rage ƙarfi in aka saba jona shi bai ƙare ba. Wayar da ke hannunka batirin litiyam gare ta, nau'in da kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma halinsa kusan kishiyar na nikel ne. An riga an yi masa cajin farko da gwaji a masana'anta kafin a rufe shi cikin waya. Shi ya sa kake buɗe kwali ka tarar da kusan rabin caji, kuma da gangan aka bar shi haka, domin a tsakiyar nan litiyam ya fi jure dogon zama a ajiye.

Sauran bayanin zai fi zauna maka in ka san abin da ke cikin batirin. Faifai biyu ne siraran gaske, an naɗe su ko an jera su bisa juna, da wata 'yar leda mai ƙananan ƙofofi a tsakaninsu wadda kaurinta bai kai silin gashi ba. Faifai ɗaya an shafe shi da sinadarin litiyam da kobalt, ɗayan da girafait, wato baƙin abin nan da fensir ke rubutu da shi, duka kuma a jiƙe suke da wani ruwan sinadari mai kama wuta. In ka jona caja, ƙwayoyin litiyam suna ratsa ledar su koma ɓangaren girafait. In kana amfani da waya, su dawo. A kowace tafiya da dawowa wasu kaɗan suna maƙalewa a wani ɓawo da ke taruwa a fuskar girafait ɗin, ba su ƙara aiki. Wannan shi ne tsufan batir, babu kuma dabarar da ke hana shi ɗungurungum. Saurinsa kaɗai ke hannunka. Abu uku ke ƙara masa gudu: zafi, daɗewa a cike maƙil, da daɗewa a wofi. A ƙasarmu na farkon ya fi sauran biyun ɓarna nesa ba kusa ba, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kamfanoni da zagaye suke auna rayuwar batir. Zagaye ɗaya shi ne jimlar kashi 100 na cajin da ka ƙona, ko a jonawa nawa ne. In ka ci kashi 60 yau ka cika, gobe ka ci 40 ka cika, zagaye ɗaya ka yi cikin kwana biyun. Apple ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an gina shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000, in yanayi ya yi daidai. Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta fara aiki a watan Yunin 2025, cewa sabuwar wayar da za a shigar kasuwarta sai batirinta ya jure zagaye 800 bai sauka ƙasa da kashi 80 ba. Ga mai ƙarar da caji kullum, zagaye 500 zuwa 1,000 kusan shekara ɗaya da rabi ke nan zuwa kusan uku kafin ya fara jin bambanci sosai. Saboda haka ka daina tsoron jona waya sau uku ko huɗu a rana. Cajin minti 15 ba ya cin zagaye guda, kuma ƙananan caje-caje sun fi wa litiyam sauƙi a kan faɗowa daga 100 har sifili.

A cike, batirin waya yana kai bolt 4.4 ko kusa da haka, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin wutar lantarki. A tsakiya yana wajen 3.8. Wayar takan kashe kanta tun yana sama da bolt 3, don ta bar masa ɗan saura. Cika shi kamar ɗura hatsi ne a buhu: da farko zubawa kawai ake yi, in ya kusa baki sai an girgiza ana dannawa, kuma buhun da aka danƙare ya daɗe a haka, ɗinkinsa ke fara saki. Dalili ke nan da waya ke tashi daga 20 zuwa 60 nan da nan, amma daga 85 zuwa 100 ta yi ta jan ƙafa. Cajarka lafiyarta ƙalau, wayar ce da kanta take rage wutar da take karɓa. A can sama, inda bolt ya fi yawa, ruwan sinadarin ya fi saurin lalacewa, balle in ga zafi. A can ƙasa kuma, in waya ta mutu aka jefa ta a durowa wata da watanni, ɗan sauran da aka bar mata yana tsiyayewa a hankali. In ya faɗo wajen bolt 2.5, na'urar tsaron da ke jikin batirin takan rufe shi ya ƙi karɓar caji, in kuma ya ci gaba da sauka, jan ƙarfen da ke ciki ya fara narkewa cikin ruwan, batirin ya zama haɗari ko da an tayar da shi. Wayar da za ka ajiye ta daɗe, ka bar ta da kashi 50, ka kashe ta, ka sa ta wuri mai sanyi, ka duba ta duk bayan wata shida ka mayar da ita rabin.

Daga nan aka samo shawarar nan ta riƙe caji tsakanin 20 da 80. Shawara ce mai kyau ga wanda soket ke jiransa duk inda ya zauna. Kai da wutarku ba ta da tabbas, ban ga dalilin da za ka cire waya a 80 alhali ba ka san yaushe za a sake kawo wuta ba. Waya don amfani aka saye ta, kuma in ka cire a 80 ta mutu maka da la'asar, ka faɗa ɗaya ɓangaren da ake gudu. In an kawo wuta, cika ta. Kaiwa 100 ba shi ne abin damuwa ba sosai, zama a 100 na awa da awanni cikin zafi shi ne. Wayar da ka cika, ka cire, ka fita da ita, cikin ɗan lokaci ta sauko 90, matsin ya ragu. Ta ƙasa kuwa ka yi ƙoƙari ka jona ta in ta kai wajen 20. In ta mutu sau ɗaya ko biyu a wata, babu abin tayar da hankali, muddin ba ka bar ta a mace kwana da kwanaki ba.

Maganar abokinka da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Waya tana da na'urar da ke yanke caji in ta cika, ba ta shan fiye da cikinta, don haka kwana a caji ba ya fasa batir lafiyayye. Illarsa ita ce wayar ta cika tun ƙarfe ɗaya na dare, ta zauna a 100 har asuba, kullum, shekara guda. Masu ƙera waya sun san da haka, sun kuma sa magani a cikin saiti. A iPhone, tun iOS 13 da ya fito a 2019, akwai "Optimized Battery Charging", wanda ke tsayar da caji a 80 ya ƙarasa dab da lokacin da ka saba tashi, daga iPhone 15 kuma kana iya kafa iyaka a 80 da kanka. A Samsung nemi "Battery protection" ko "Protect battery": tsofaffin manhajoji suna tsayawa a 85, sababbin suna da zaɓin da ke tsayawa a 80. Wayoyin Pixel, Xiaomi, Oppo, Tecno da Infinix da yawansu suna da makamancin wannan a ƙarƙashin sashen batir, suna ne kawai ya bambanta. Sai dai a lura da abu guda da ya shafe mu. Irin wanda ke koyon lokacin tashinka ya dogara ne da cewa wutar za ta kai safiya. In aka kawo ta sha ɗaya aka ɗauke ƙarfe uku, sai ka wayi gari da 80 alhali kana buƙatar 100. Mai sola ko inbata da ke kwana da wuta, ya kunna shi. Wanda wutarsa ke zuwa tana ɓacewa, ya fi masa ya bar shi a kashe, ya cire wayar in ya farka ya ga ta cika.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Apple ya rubuta cewa na'urorinsa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 16 da 22, kuma abin da ya haura 35 yana iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. Sauran kamfanoni iyakarsu ba ta yi nisa da nan ba, tunda sinadarin ɗaya ne. To, a watan Afrilu da Mayu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin inuwa kaɗai yana wuce digiri 40. Tun ba ka jona caja ba, wayarka ta riga ta haura iyakar da masu ita suka sa, caji kuma ya zo ya ƙara nasa a kai. Masana sinadarai suna da kiyasin da suke aiki da shi, cewa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Wannan ne ya sa waya iri ɗaya za ta kai shekara uku a hannun wani, a hannun wani kuma tun shekara ba ta cika ba ta fara gajiya kafin magariba, alhali cajarsu ɗaya.

Abin yi a nan ba ya cin ko sisi. In kana da zaɓi, yi caji da dare ko bayan asuba, lokacin da gari ya huce, ka guji tsakar rana. Ajiye wayar kan daɓen siminti ko tayil ko tebur, inda iska ke ratsawa, ko gaban fanka. Katifa, filo, kafet da kujerar kushin suna riƙe zafi ba sa barinsa ya fita, ƙarƙashin filo kuwa shi ne mafi muni, don nan ne zafin ke iya kaiwa ga gobara in caja ko kebul na da aibu. Kada ka ɗora ta kan talabijin, dikoda, inbata ko saman firiji, ko bakin tagar da rana ke shigowa. In rigar wayar ta roba ce mai kauri, tuɓe mata kafin ka jona, musamman a bazara. Cikin motar da aka rufe aka bari a rana, gaban gilashi yana wuce digiri 60, kada ka bar waya a nan. Direbobi da masu babur da a-daidaita-sahu su ne suka fi haɗa wa waya dukkan masifun lokaci guda: an maƙala ta a gilashi rana na dukanta, hasken fuskarta a ƙure don a gani, taswira na aiki, data a kunne, ga kuma caja a jone. Mai irin wannan sana'a ya nema mata inuwa ko bakin iskar mota, ya yi caji a lokacin hutu maimakon a kan hanya.

Gwajin zafi mai sauƙi ne: ɗora bayan wayar a kuncinka. Ɗumi-ɗumi ba komai. In ka ji ba za ka iya barinta a wurin ba, cire caja, kashe fuskar, ba ta minti 10 zuwa 15 gaban fanka. Akasarin wayoyi in batirin ya doshi digiri 45 sukan rage caji ko su tsayar da shi su nuna gargaɗi, kuma kada ka yi ta cirewa kana mayarwa don ka tilasta mata. Firiji da firiza kuwa kada ka kuskura. Wayar da ta yi sanyi ƙarara in ta fito cikin iska mai ɗumi, raɓa ce ke taruwa a cikinta ta ci ƙananan layukan wuta, kuma cajin litiyam ƙasa da digiri sifili yana sa ƙarfen litiyam ya daskare a fuskar girafait, wanda yana iya huda ledar tsakiya.

Caji mai sauri bai zama abin tsoro ba in da cajar kamfanin ake yi, domin wayar tana auna zafin batir tana rage gudu da kanta. Amma ya fi mai jinkiri kawo zafi. In ba sauri kake ba, kamar cajin dare, Samsung da wasu suna barin ka ka kashe shi a saiti, ko ka yi amfani da caja ta gaske mai wat 10 ko 15. Amsa kira ko duba saƙo waya na caji ba laifi. Wasan bidiyo mai nauyi, kiran bidiyo mai tsawo, ko raba data ga wasu a lokacin caji, su ne ke haɗa zafin aiki da na caji. Wasu wayoyin Infinix, tun daga jerin Note 30, da wasu na Samsung, suna da tsarin da ke kai wuta kai tsaye ga wayar ya tsallake batir yayin wasa. In taka tana da shi, nan ne amfaninsa. Caji maras kebul kuma, irin wanda ake ɗora waya kan faifai, wani kaso na wutarsa zafi yake zama, don haka bai dace da bazararmu ba.

Juya kan cajarka ka karanta ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa. Layin shiga zai ce 100–240V, 50/60Hz. Layin fita zai ce irin su 5V 2A, ko 9V 2A. V bolt ne, A kuma amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. Ninka na farko da na biyu ka sami wat, wato ƙarfin cajar: 5 sau 2 wat 10, 9 sau 2 wat 18. Caja mai wat da yawa ba ta ɗura wa waya fiye da ƙima. Da bolt 5 suke farawa, su yi magana ta cikin kebul, wayar ta nemi abin da za ta iya ɗauka. Cajar kwamfuta ta gaske mai wat 65 da bakin USB-C ba za ta cuci waya mai wat 25 ba. Abin da zai iya faruwa shi ne akasin haka: kamfanoni irin su Oppo, Xiaomi da Infinix suna da nasu tsarin sauri da sai da cajarsu da kebul ɗinsu yake aiki, in ka sa wata, sai cajin ya koma a hankali. Wannan jinkiri ne kawai, ba lahani ba ne.

Lahanin yana cikin jabun caja, kuma abin ya ƙaru tun da Apple ya daina sa caja a kwali a 2020, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa a 2021, mutane suka koma saye a gefe. Cikin caja ta gaske akwai tazara da kariya tsakanin ɓangaren da wutar gida mai bolt 230 ke shiga da ɓangaren da ke fita zuwa hannunka, akwai kuma kayan da ke tace wutar ta fito sumul. Mai jabu waɗannan yake ragewa don ya sayar da araha. Alamominta ba sa ɓuya: ka ɗaga ta ka ji ba nauyi, ƙafafunta suna girgiɗi, tana ƙara siririya in an jona, tana zafin da ba ka iya riƙe ta, fuskar waya tana danna kanta ko ta ƙi jin yatsa yayin caji, ko ka ji ɗan ja in ka taɓa ƙarfen wayar. Ko ɗaya ka gani, rabu da ita, domin maganar ta wuce batir ta koma ta rai. Kebul ma yana da nasa. Mai araha wayoyin cikinsa sirara ne, wuta tana raguwa a hanya, tsawo kuma yana ƙara ragewa, shi ya sa mai mita biyu ko uku na banza yake sa caji ya yi ta rarrafe. Kebul ɗin USB-C na yau da kullum amfiya 3 yake ɗauka, mai ɗaukar 5 yana da 'yar na'ura a kansa da ke shaida wa caja. A wuya yake fara karyewa, don haka kama kan ka zare, kada ka fizgi igiyar, wanda kuma ya tsage har ana ganin cikinsa, naɗa masa salatif ba gyara ba ne.

Game da wutar unguwarku, tunda caja ta gaske tana aiki tun daga bolt 100, wuta maras ƙarfi ba ta cika damunta ba. Wadda ta yi yawa ita ce matsala, kuma ta fi zuwa a daidai lokacin da aka kawo wuta. In an ɗauke, cire caja daga soket. In an kawo, bari ta yi minti biyu ko uku ka ga ƙwan ɗaki ya tsaya da haske ɗaya, sannan ka jona. Ƙaramin janareta ƙarfinsa hawa da sauka yake yi gwargwadon nauyin da ke kansa: tayar da shi, bari muryarsa ta daidaita, sannan ka sa caja, ka kuma cire kafin a kashe shi ko da ka ji ya fara shaƙewa mai zai ƙare. Da damina in ana tsawa, cire komai. A mota, jona bayan an tayar da inji. Ƙaramin faifan sola mai bakin USB yana da aibu biyu, wutarsa tana yankewa da kowane gajimare, kuma gajeren kebul ɗinsa yana sa a bar wayar a rana kusa da shi. Ya fi kyau faifan ya cika fawa bank da aka ɓoye a inuwa, kai kuma ka ja daga fawa bank ɗin da dare.

A shagon masu caji, dubi yadda wurin yake: allon katako cike da soket, wayoyi a jere ko a jibge bisa juna kowace tana ba 'yar'uwarta zafi, rufin kwano a sama, janareta na aiki a gefe. Je da cajarka da kebul ɗinka, kashe wayar gaba ɗaya kafin ka miƙa ta don ta fi saurin cika ba tare da zafi ba, cire mata riga, roƙi mai shagon ya ajiye ta ita kaɗai, ka kuma dawo ka karɓa bayan awa biyu maimakon ta yini a can. Kulle ta da lambar sirri kafin ta bar hannunka.

In za ka sayi fawa bank, ga lissafin da zai hana a cuce ka. mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne, wat-awa kuma jimlar ƙarfin wutar da ke cikinsa. Mai 10,000 mAh a bolt 3.7 ake auna shi, wato wat-awa 37. Batirinka mai 5,000 mAh wajen wat-awa 19 ne. A takarda sau biyu ke nan, amma ana asarar wani kaso a matsayin zafi wajen ɗaga wutar da sake sauke ta, don haka sau ɗaya da ɗan wani abu za ka samu, in ya yi ƙoƙari ɗaya da rabi. Mai 20,000 na gaske nauyinsa yana kusantar giram 400. Wanda bai fi tafin hannu ba, ba nauyi, an rubuta masa 50,000, ƙarya aka rubuta. Shi ma litiyam ne, duk abin da aka faɗa na zafi ya hau kansa. Maniyyata da sauran masu hawa jirgi su sani cewa a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan da ake aunawa, kuma iyakar da aka saba yarda da ita wat-awa 100 ce, kimanin 27,000 mAh.

Kwanakin farko kada ka yanke wa batirin hukunci. Sabuwar waya tana sauke sabuntawa, tana dawo da hotuna da tarihin WhatsApp, tana tsara fayiloli, kai ma kana yawan taɓa ta, don haka za ta fi cin caji da ɗumi na wasu kwanaki. Ba ta mako guda. Lambar kashin da kake gani kiyasi ce, in wata rana ta fara tsalle, kamar daga 30 ta faɗo 12, bar ta ta sauka ƙasa sosai sau ɗaya ka cika ta ba yankewa. Wannan ma'aunin yake gyarawa, ba ya ƙara wa batir komai, ba kuma abin yi ne kowane mako ba. Manhajojin da ke cewa suna gyara batir ko sanyaya waya, ko share su ka yi ka rage nauyi, domin Android tun sigar 6 ta 2015 yake da nasa tsarin kwantar da manhajoji. Masu cin cajin gaske su ne hasken fuskar waya, saurin motsinta in an sa 120Hz maimakon 60, da raunin sabis, domin wayar da ke neman sabis ƙara ƙarfi take yi. A ƙauyen da sanda ɗaya ke zuwa tana tafiya, kashe data ko layin da ba ka amfani da shi.

Da hunturu ƙura da zaren aljihu sukan cushe bakin caji, kebul ya ƙi shiga sosai, cajin ya riƙa yankewa, mutum ya ɗauka batir ne. Kashe wayar ka sa tsinken sakace na itace a hankali ka zaƙulo dattin. Allura da fil suna haɗa ƙafafun ciki ko su karya su. Wayar da ta jiƙe kuma kada a jona ta sai ta bushe sarai, a tsayar da ita bakin yana kallon ƙasa gaban fanka, ko da yini guda ne. Binne ta cikin shinkafa ba ya fin iska aiki, garinta ma shiga bakin yake.

Abin da ba a jinkiri a kansa shi ne kumburi. In ka ga bayan wayar ya ɗago, ko gilashin fuskar ya fara rabuwa da jiki, ko ta daina kwanciya daidai a tebur, iska ce ta taru a cikin batirin daga ruwan sinadarin da ya lalace. Daina caji nan take, kashe ta, kada ka danne murfin ko ka ɗaure shi da roba, kada kuma kowa ya huda batirin wai don iskar ta fita, domin huda shi yana haɗa faifan biyu ya kama da wuta. In ya fara hayaƙi, cire soket, tura shi waje kan ƙasa ko siminti da wani abu mai tsawo, zuba masa yashi ko ruwa mai yawa, a kuma nisanci hayaƙin don guba ne. In wayar tana cikin garanti, wanda a akasarin kamfanoni shekara guda ne, je da rasit da kwali cibiyar kamfanin, kamar Carlcare ga masu Tecno, Infinix da itel, kafin kowa ya buɗe ta. In garanti ya wuce, batirin kawai za a canza ba wayar ba: duba lambar da ke jikin tsohon a sa mai irinta, ka kuma guji wanda aka rubuta masa mAh fiye da na asali alhali girmansu ɗaya. Tsohon batirin a rufe bakinsa da salatif a bar shi wurin masu gyara ko cibiyar kamfani. Kada ya shiga bola, don ana cinna mata wuta, yara kuma suna tsince-tsince a cikinta.